Dalilin da ya sa tsohuwar kwamfuta ke kasa ganin babban faifan ajiya, da yadda ake shawo kan matsalar

Masu sana'ar ɗaukar bidiyon biki, da masu shagunan buga takardu, da ma'aikatan ofisoshin makarantu a unguwannin Minna irin su Barkin Sale da Kpakungu da Tunga da Bosso, duk suna fama da ƙarancin wurin adana bayanai. Bidiyon biki guda da aka ɗauka da kyamarar zamani yakan cinye gigabayit masu yawa, kuma mai biki na iya dawowa bayan shekara biyu ya nemi a sake ba shi kwafi. Haka ma shagon da ke buga wa ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna kundin kammala karatu, ko makarantar da ke ajiye hotuna da sakamakon ɗalibanta na shekaru.

Wannan ne ke sa mutum ya nufi kasuwar waya da kwamfuta ta Obasanjo Complex da ke tsakiyar Minna, ko ya yi saƙo zuwa titin Beirut a Kano ko Computer Village a Ikeja, a kawo masa faifan ajiya mai terabayit 3 ko 4. Sai dai kwamfutar da za a saka wa faifan sau da yawa 'yar gwanjo ce, wadda aka fi sani da tokumbo, kuma wata ma an ƙera ta tun kafin irin wannan faifai ya shigo kasuwa.

A nan rigima ke tasowa. Faifan terabayit 3 yakan bayyana a Windows da fili mai amfani na gigabayit 2,048, sauran gigabayit 746 kuma su tsaya a gefe, ba su karɓar umarni. Na terabayit 4 yakan bar gigabayit 1,678 a daskare. Wani lokaci kuma, idan aka yi ƙoƙarin ɗora Windows a kansa, sai saƙo ya fito cewa ba za a iya ba saboda faifan na kan tsarin GPT. Mai saye ya zargi ɗan kasuwa da sayar masa da jabu, ɗan kasuwa ya ɗora laifi a kan mai gyara. A mafi yawan irin waɗannan lokuta faifan lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana cikin tsarin da aka bi wajen raba shi, da kuma manhajar da ke tayar da kwamfutar.

Giɓin da ba matsala ba ne

Akwai wani giɓi da ya kamata a fara ware shi, domin shi ba lahani ba ne. Kamfanonin da ke ƙera faifai suna ƙirga terabayit ɗaya a matsayin bayit tiriliyan ɗaya cif. Windows kuwa tana ƙirgawa da lissafin ninkin biyu, inda terabayit ɗaya ya kai bayit 1,099,511,627,776. Saboda haka faifan terabayit 4 zai nuna kimanin terabayit 3.63, wato gigabayit 3,726, na terabayit 3 kuma ya nuna gigabayit 2,794. Wannan bambancin mudu ne kawai, babu abin da aka tauye.

Abin da ke nuna akwai matsala shi ne a ga lamba 2,048 ta tsaya a matsayin iyaka, ko a ga faifan terabayit 3 gaba ɗayansa ya koma gigabayit 746.

Jadawalin da aka tsara a 1983

Faifan ajiya kamar babban fili ne da aka yanka ƙananan gurabe masu girma ɗaya, waɗanda masana ke kira sekta. A al'ada kowane gurbi na ɗaukar bayit 512, kuma kowanne na da lambarsa, daga sifili zuwa na ƙarshe. Kafin a yi amfani da filin sai an raba shi ɓangare-ɓangare, abin da masu gyara ke kira fatishan, sannan a rubuta jadawali da ke faɗin inda kowane ɓangare ya fara da inda ya ƙare. Aikin jadawalin daidai yake da na littafin rajistar filaye. Idan fili bai shiga littafi ba, ofis bai san da zamansa ba ko da yana nan a ƙasa.

Tsohon jadawalin shi ne MBR, wanda ya fito a 1983 tare da manhajar PC DOS 2.0 ta kamfanin IBM. A wannan shekarar kwamfutar IBM PC/XT ta zo da faifai mai megabayit 10 kacal, abin da a yau bai kai nauyin 'yan hotunan waya ba. Dukan MBR yana zaune ne a gurbi na farko na faifai, cikin bayit 512. Bayit 446 na farko na ɗauke da ɗan umarnin tayar da kwamfuta, bayit 64 na jadawalin rabo ne, bayit 2 na ƙarshe kuma hatimi ne da ke shaida cewa gurbin na tayarwa ne. Tunda bayanin kowane ɓangare na cin bayit 16, manyan ɓangarori huɗu kaɗai jadawalin ke iya ɗauka. Mai son fiye da haka sai ya sadaukar da ɗaya ya mai da shi ɓangaren faɗaɗawa, ya yanka ƙanana a cikinsa.

Iyakar girma ta samo asali ne daga faɗin gidan da aka tanadar wa lamba. MBR yana rubuta lambar gurbi da bit 32, kuma adadi mafi yawa da bit 32 ke iya ƙirgawa shi ne 4,294,967,296. Idan aka ninka wannan da bayit 512, za a samu bayit 2,199,023,255,552, wato terabayit 2.2 a lissafin kamfanoni, ko gigabayit 2,048 a lissafin Windows. Duk gurbin da lambarsa ta wuce nan ba shi da wurin shiga a jadawali.

Ba wannan ne shinge na farko da girman faifai ya ci karo da shi ba. A tsakiyar shekarun 1990 an yi fama da iyakar megabayit 528, daga baya aka yi ta gigabayit 8.4, sannan a farkon shekarun 2000 aka yi ta gigabayit 137, wadda aka tsallake da aka faɗaɗa lambar gurbi a hanyar sadarwar faifai daga bit 28 zuwa bit 48. Bambancin shingen terabayit 2.2 shi ne yana cikin jadawalin kansa, kuma babu sauran fili a cikin bayit 512 da za a faɗaɗa shi. Da faifan terabayit 3 ya shigo kasuwa a 2010, sauya jadawalin ya zama dole.

Abin da GPT ya gyara

Sabon jadawalin, GPT, kamfanin Intel ne ya tsara shi a ƙarshen shekarun 1990 cikin aikin samar da magajin BIOS. Yana rubuta lambar gurbi da bit 64, abin da ya kai iyakarsa zuwa kimanin terabayit biliyan 9.4 a faifai mai gurabe na bayit 512. A Windows yana ɗaukar ɓangarori har 128, kuma dukansu matsayinsu ɗaya.

Fa'idarsa ba ta tsaya ga girma ba. MBR kwafi ɗaya ne, idan gurbin farko ya lalace jadawali ya tafi. GPT yana ajiye jadawali a farkon faifai, ya ajiye na biyu a ƙarshensa, kuma yana ɗauke da lambar tantancewa da ke tona asiri idan wani abu ya gurɓace. Ga mai ajiye aikin mutane a inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, wannan kariya ce mai daraja.

Waɗanda suka tsara shi sun kuma yi tunanin tsofaffin manhajoji. Sun bar gurbin farko da MBR na kariya, wanda ke nuna cewa dukan faifan ɓangare ɗaya ne na wani nau'i da tsohuwar manhaja ba ta sani ba. Manufar ita ce kada ta ɗauka faifan fanko ne ta rubuta a kansa.

Manhajar da ke tashi kafin Windows

Jadawali rabin labarin ne. Ɗaya rabin shi ne manhajar tushe da ke daskare a cikin babban allon kwamfuta, wadda ke fara aiki da zarar an danna maɓallin kunnawa. Ita ce ke duba kayan cikin na'ura, ta nemo babbar manhaja, ta miƙa mata ragama.

Tsohuwar ita ce BIOS, wadda ta zo da kwamfutar IBM PC a 1981. Aikinta a nan ba shi da yawa. Tana karanta gurbin farko na faifai, ta duba hatimi, ta bar ɗan umarnin da ke ciki ya ci gaba. Magajiyarta ita ce UEFI, wadda gamayyar kamfanonin kwamfuta ta karɓi ragamar tsara ta a 2005. UEFI tana iya karanta GPT da kanta, kuma tana neman fayilolin tayarwa a wani ƙaramin ɓangare na musamman, wanda Windows kan ba kimanin megabayit 100. Ta bazu sosai daga 2012, lokacin da Microsoft ya wajabta ta ga sababbin kwamfutocin da ke ɗauke da shaidar Windows 8.

Domin kada a yi watsi da tsofaffin manhajoji dare ɗaya, an saka wa yawancin kwamfutocin UEFI wani sashe mai suna CSM da ke kwaikwayon BIOS. Shi ne ake gani a shafin saituna da sunan Legacy. A 2017 Intel ya sanar da cewa zai daina tallafa wa wannan sashe zuwa 2020, shi ya sa sababbin kwamfutoci da dama ba su da shi.

Ƙa'idar Windows a kan wannan ba ta da sassauci. Idan kwamfuta ta tashi ta hanyar BIOS ko Legacy, dole faifan da Windows ke kai ya kasance MBR. Idan ana son Windows ta tashi daga faifan GPT, sai an bi ta UEFI. Amma ƙa'idar ta shafi faifan tayarwa ne kaɗai. Daga Windows Vista zuwa sama, Windows tana karantawa tana rubutawa a faifan GPT na ajiya ko da kwamfutar BIOS ce tsantsa. Windows XP mai bit 32 ce ba ta gane GPT sam. Wannan bambanci tsakanin faifan tayarwa da faifan ajiya shi ne mabuɗin yawancin mafita.

Hanya ta farko: faifai biyu

Hanyar da ta fi sauƙi kuma ta fi aminci ita ce a raba aikin. A ɗora Windows a ƙaramin faifai mai tsarin MBR, zai fi kyau ya kasance SSD mai gigabayit 128 ko 256, sannan a saka babban faifan a matsayin na biyu, a tsara shi da GPT, a bar shi ga ajiya kawai. BIOS za ta tashi daga ƙaramin ba tare da ta damu da babban ba. Da zarar Windows ta hau, ita ce za ta riƙa magana da babban faifan ta hanyar direbobinta, kuma za ta ga dukan filinsa.

Wannan tsari na da ƙarin riba biyu. SSD na sa tsohuwar kwamfuta ta yi sauri ƙwarai. Sannan idan Windows ta lalace aka sake ɗora ta, faifan ajiya ba ya cikin hatsari, musamman idan mai gyara ya zare wayarsa kafin ya fara aiki.

Sharaɗi guda shi ne direban da ke kula da mahaɗar faifai ya kasance sabo. Wasu tsofaffin direbobi ma da bit 32 suke ƙirga, kuma su ne ke sa faifan terabayit 3 ya bayyana da gigabayit 746. Yadda abin ke faruwa kamar ma'aunin tafiyar tsohuwar mota ne, wanda idan lambobinsa suka cika sai ya koma sifili ya fara sabon ƙirge. Hatsarin a nan babba ne, domin bayanin da aka nufa da ƙarshen faifai na iya sauka a farkonsa ya danne abin da ke can. Duk faifan da aka ga ya nuna girman da bai dace ba, bai kamata a rubuta komai a kansa ba sai an gano dalili.

Masu kwamfutar tafi-da-gidanka na da wani shinge na daban. Faifai masu juyawa na inci 2.5 da suka kai terabayit 4 ko 5 kaurinsu milimita 15 ne, alhali gidan faifai a yawancin irin waɗannan kwamfutoci na ɗaukar milimita 7 ko 9.5. A gare su, SSD a ciki da babban faifai na USB a waje shi ne daidai.

Hanya ta biyu: a duba ko UEFI na nan a kulle

Kwamfutoci da yawa da ake yi wa kallon tsofaffi suna da UEFI, an dai saita su a Legacy ne, sau da yawa saboda an saba ɗora Windows 7 ta wannan hanya. Ana iya tabbatarwa cikin minti ɗaya. A buga msinfo32 a wurin bincike na Windows, a duba layin BIOS Mode. Idan ya nuna Legacy, sai a shiga shafin saituna lokacin kunna kwamfuta a ga ko akwai zaɓin UEFI. Shi kuma tsarin faifai ana ganinsa a Disk Management, cikin bayanan faifan, a shafin Volumes.

Idan UEFI na nan, akwai zaɓi biyu. Na farko shi ne a kwashe bayanai, a sake ɗora Windows mai bit 64 daga filashin da aka shirya don UEFI. Manhajar Rufus da masu gyara ke amfani da ita wajen shirya filashi tana tambayar tsarin da ake so, MBR ko GPT, kuma kuskure a wannan mataki ne ke haifar da saƙon da ke cewa ba za a iya ɗora Windows a faifan ba.

Na biyu shi ne umarnin MBR2GPT, wanda Microsoft ya saka a Windows 10 tun fitowar sigar 1703 a 2017. Yana juya faifan tayarwa daga MBR zuwa GPT ba tare da share bayanai ba, muddin manyan ɓangarorin ba su wuce uku ba kuma babu ɓangaren faɗaɗawa. Yana da matakin gwaji da ke faɗin ko faifan ya cancanta kafin a aiwatar. Bayan juyawa wajibi ne a sauya saitin kwamfuta daga Legacy zuwa UEFI, in ba haka ba ba za ta tashi ba. Umarnin ba shi da hanyar komawa baya, don haka wanda ya aiwatar da shi a kwamfutar da ba ta da UEFI ya rufe wa kansa ƙofa.

Faifan ajiya kuwa, Disk Management ba ta juya shi zuwa GPT sai an goge dukan ɓangarorin da ke kansa. Umarnin clean na diskpart, wanda wasu ke gaggawar bugawa, yana share jadawalin gaba ɗaya nan take ba tare da ya nemi tabbaci ba. Kuskuren lambar faifai ɗaya ya isa ya tafi da aikin shekaru.

Hanya ta uku: Linux

BIOS da kanta ba ta hana tashi daga GPT, tunda abin da ta sani kawai shi ne gurbin farko. Windows ce ta gindaya wannan sharaɗi. Babbar manhajar Linux, irin su Ubuntu da Debian, tana tashi daga faifan GPT a kwamfutar BIOS tsantsa. Abin da ake buƙata shi ne ɗan ƙaramin ɓangare na kimanin megabayit 1, wanda ba a yi masa fomatin, inda manhajar tayarwa ta GRUB ke ajiye sauran umarninta. A manhajar gdisk lambar wannan ɓangare ita ce EF02.

Akwai taka-tsantsan biyu a nan. Yana da kyau fayilolin tayarwa su kasance a cikin terabayit 2 na farko, domin wasu BIOS ba sa iya kaiwa nesa da haka. Sannan wasu BIOS ba sa yarda su tashi sai sun ga alamar tayarwa a kan MBR na kariya, wadda ake iya kunnawa da manhajar parted. Ga makaranta ko ofishin da ke son mai da tsohuwar kwamfuta rumbun ajiya na bai ɗaya ga sauran kwamfutoci, wannan hanya ba ta buƙatar sayen lasisi.

Hanya ta huɗu: MBR mai ruwa biyu

Akwai wata dabara da ake sauya MBR na kariya, a kwafo ɓangarori har uku daga jadawalin GPT a rubuta su a cikinsa. Ta haka manhajar da MBR kaɗai ta sani za ta ga waɗannan ukun, wadda ta san GPT kuma ta ga duka. Kamfanin Apple ya yi amfani da ita a Boot Camp, wanda ya fito a 2006 don ɗora Windows a kwamfutocin Mac, kuma gdisk na iya ƙirƙirar ta.

Amma taura biyu ba ta taunuwa. Dabarar ta saɓa wa ƙa'idar GPT, kuma ta sa fili ɗaya ya samu littattafan rajista biyu da ba sa tuntuɓar juna. Idan aka faɗaɗa ko aka rage ɓangare ta manhajar da ke duba MBR, jadawalin GPT ba zai san an yi ba. Daga nan ɓangarori biyu na iya hawa kan juna, ɗaya ya riƙa rubutu a kan bayanan ɗaya. Bugu da ƙari, Windows da ta tashi ta BIOS ta ga irin wannan faifai za ta bi MBR ne, ma'ana filin da ya wuce terabayit 2.2 zai ci gaba da ɓoye mata. A taƙaice, dabarar ba ta warware matsalar mai son Windows ta ga dukan faifansa, sai dai ta ƙara masa hatsari.

Tarkon faifan USB

Daga kusan 2010 kamfanoni suka koma ƙera faifai masu gurabe na bayit 4,096, amma yawancinsu na gabatar da kansu ga kwamfuta kamar masu bayit 512 don su dace da tsofaffin manhajoji. Wasu kwansunan USB na manyan faifai sun bi wata hanya, suna nuna wa kwamfuta gurabe na bayit 4,096. Tunda gurbi ya ninka sau takwas, iyakar MBR ma ta ninka zuwa kimanin terabayit 17.6. Da haka ne aka sayar da faifan waje mai terabayit 3 da ke aiki ko a Windows XP.

Tarkon yana bayyana ne ranar da kwanson ya lalace. Idan mai gyara ya ciro faifan ya jona shi kai tsaye a cikin kwamfuta, ko ya saka shi a wani kwanso na daban, gurabe za su koma bayit 512, kuma lambobin da ke jadawali za su nuna wuraren da ba daidai ba. Windows za ta ga kamar faifan ba a tsara shi ba, ta nemi izinin yi masa fomatin. Bayanan na nan ba abin da ya same su, amma amincewa da wannan buƙata na iya lalata su. Mafita ita ce a nemo kwanso irin na asali, ko a yi amfani da manhajar ceto bayanai da ke ba da damar sauya girman gurbi.

Akwai kuma tsofaffin kwansuna masu arha da ba sa iya ƙirga fiye da terabayit 2.2. Kafin a saka babban faifai a kwanso, a duba iyakar da aka rubuta a kwalinsa.

Talabijin da na'urar kyamarar tsaro

Ba kwamfuta kaɗai ke da manhajar tushe ba. Talabijin mai mahaɗar USB, da dikoda, da na'urar naɗar hotunan kyamarar tsaro, kowanne na da tasa, kuma tsofaffi da dama daga cikinsu MBR kaɗai suka sani. Wasu ma ba sa karanta komai sai tsarin fayil na FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai gigabayit 4. Shi ya sa bidiyon biki mai tsawo kan ƙi shiga filashi ko da akwai sauran fili. Ga faifan da za a riƙa yawo da shi tsakanin irin waɗannan na'urori, mai terabayit 2 ko ƙasa da haka a kan MBR ya fi samun karɓuwa.

Na'urorin kyamarar tsaro kuwa da yawa na tsara faifai da salon kansu. Idan aka yi sata a shago aka ciro faifan aka jona a kwamfuta don neman hoto, Windows na iya cewa ba ta gane shi ba ta nemi a tsara shi. Amincewa da hakan na iya ɓata shaidar da ake nema. Hanyar da ta dace ita ce a kwafo hoton daga na'urar kanta zuwa filashi.

Wa'adin Windows 10

Batun ya ƙara muhimmanci saboda 14 ga Oktoba, 2025 ce ranar da Microsoft ya tsayar don daina tallafa wa Windows 10, tare da shirin ƙarin sabuntawar tsaro ga ɗaiɗaikun masu amfani har zuwa 13 ga Oktoba, 2026. Windows 11, wadda ta fito a 5 ga Oktoba, 2021, tana buƙatar UEFI da na'urar tsaro ta TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel jerin masarrafan da ta amince da su ya fara ne galibi daga zubi na takwas. Ma'ana, juya faifai zuwa GPT sharaɗi ne na komawa Windows 11, amma shi kaɗai ba ya isa. Kwamfutar Core 2 Duo ba za ta cancanta ba ko da wane tsari faifanta ke kai.

Ga mai niyyar sayen kwamfuta 'yar gwanjo, wannan na nufin ya duba abubuwa uku tun a gaban mai sayarwa: ko tana da UEFI, ko tana da TPM 2.0, da kuma zubin masarrafarta. Ga wanda ke da tsohuwa a hannu, tana iya ci gaba da amfani a matsayin rumbun ajiya, musamman da Linux.

Kafin a taɓa faifai

Duk hanyar da aka zaɓa, matakin farko shi ne a kwafe bayanai zuwa wani faifai na daban, a buɗe wasu fayiloli daga kwafin a tabbatar suna aiki. Raba faifai gida biyu a ajiye kwafi a ɗaya ɓangaren ba kariya ba ce, domin idan faifan ya mutu duka biyun sun tafi tare.

Na biyu, kada a fara juya jadawali ko matsar da ɓangare sai kwamfutar na kan batirin UPS ko inbata, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya barin jadawali rabi da rabi. Na uku, sabon faifan da ya wuce terabayit 2 a zaɓa masa GPT tun ranar farko da Windows ta yi tambaya, lokacin da babu komai a kansa, domin juyawa daga baya ta fi tsada da hatsari.

Shi kuma mai kai faifai wurin gyara yana da haƙƙin ya tambayi tsarin da za a bi, da kuma ko aikin zai share bayanai, kafin ya bar shagon. Mai gyaran da ya san aikinsa zai fara duba layin BIOS Mode da tsarin faifai, ya faɗa wa mai kaya abin da ya gani, sannan ya nemi amincewarsa kafin ya buga wani umarni.